Tagwayen janareta ko na hannu mai araha: amsa ga Alhaji na Yagoua

Alhaji, barka da ƙoƙari. Tsakanin sabon janareta irin naka sak, mai kVA 100, da wancan na hannu mai 150 na wani kamfani daban da ake son sayar maka don ka haɗa su a injin casar shinkafarka, ni dai na ɗanɗana duka biyun a masana'antar ƙanƙarata da ke Garoua.

Na hannun na fara saye, saboda arha. Ranar da muka haɗa shi da tsohon nawa, tun ba mu ɗora musu lodi ba, mai gyara ya maƙala mitarsa a wayar nutural, sai ga amfiya kusan 40 tana gudu. Na taɓa wayar da bayan hannuna, na ji ta da ɗumi. Wutar nan ba ta zuwa ko'ina, zagaye kawai take yi tsakanin injinan biyu tana dafa koyil. Dalilai biyu ne ke haddasa irin wannan zagayen wuta. Na farko, AVR, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, na kowane inji yana neman tsayar da nasa ƙarfin wutar, don haka wanda ya ɗan fi sai ya riƙa tura wa ɗan'uwansa, sai dai wannan ta wayoyin lodi take bi, ba ta nutural ba. Na biyu, wanda ya fi wuyar magani kuma shi ne ya ɗumama nutural, naɗin koyil ɗinsu bai zo ɗaya ba: ma'aunin naɗin nawa 2/3 ne, na wancan kuwa 5/6. Naɗin 2/3 yana kashe wata ɓoyayyiyar igiyar wuta mai gudun Hz 150, wato ninki uku na Hz 50 da muke amfani da shi, shi kuwa 5/6 yana barin ta, kuma da zarar an haɗa nutural ɗinsu ta samu hanya. Gaskiya ana iya rage ta da koyil na musamman a kan nutural, amma kuɗin wannan aikin ya cinye arhar.

Da na rabu da shi na sayi tagwain nawa, mai kan wuta (ɓangaren da ke samar da lantarki) na kamfanin Stamford da naɗin 2/3, muka sa wa kowanne AVR samfurin AS440 da ƙaramar taransifomar awon amfiya a wuraren haɗa waya S1 da S2 na jikin AVR ɗin, aka daidaita su yadda ƙarfin wutar kowanne zai sauka da kimanin kashi 3 cikin ɗari idan lodi ya cika. A zafin watan Afrilu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, injinan nan sun kwana suna aiki, allurar mitocinsu tana tashi tare tana sauka tare. Da asuba na shiga ɗakin na dafa jikinsu, ɗuminsu ɗaya, masu kifi kuma suka tarar da ƙanƙararsu a daskare. Har yau ina jin daɗin wannan safiyar.

Ka yi hattara da wasu dillalai, Alhaji. Sukan fenta tsohon inji, su manna masa sabon allon suna, alhali an sake naɗin koyil ɗinsa a wani gareji ba tare da kula da ma'auninsa na asali ba. Akwai kuma masu sayar da jabun AVR, ko su ba ka samfurin SX460 su rantse zai yi, bayan ba shi da wurin haɗa waccan taransifoma. Ka nemi takardar kan wutar ka ga ma'aunin naɗin a rubuce, kuma kada ka biya sai an haɗa injinan a gabanka an auna nutural babu lodi.

Ka sayi tagwain naka, ko da zai kai ka jiran kuɗin shinkafar wannan kaka.