Gyaran manhaja ko sayen adafta?

Masu gidajen wasa daga Birni har Zango sun ishe ni da tambaya: manet (abin riƙewa a buga wasa) ɗin Sin maras waya ya ƙi aiki da na'urar wasa PS2, a gyara manhaja ko a sayi adafta?

BlueRetro, manhajar da ke haɗa manet mai Bluetooth da tsofaffin na'urorin wasa, mai zama kan ƙaramin allon lantarki ESP32, a buɗe take ga mai son gyara ta, kuma kyauta. Ka shigar da lambar shaidar manet ɗin, ka jera maɓallansa, ka sake loda manhajar kan allon. Akwai arha, amma tana cin dare. Ni ana tsakar lodawa aka ɗauke wuta, sai da na koma farko.

Adaftar kamfanin Brook kuwa jonawa kawai, sai tsada. In ba ta gane manet ɗinka ba, sai jiran kamfanin ya sabunta manhajarta.

Wanda yara ke layi a ƙofarsa, ya saya. Mai kwamfuta da haƙuri, ya gyara.