Allurar ƙyanda a mustausaf ɗin gwamnati a Makka: aikin yana da kyau, amma sai iyaye sun bi sawu

Cibiyoyin lafiya na unguwa, waɗanda muka saba kira mustausaf, sun cancanci yabo a kan rigakafin ƙyanda, cutar da Larabawa ke kira hasba. Jadawalin Saudiyya yana yi wa yaro allurar sau huɗu: ta ƙyanda zalla a wata 9, sai MMR (wadda ta haɗa rigakafin ƙyanda, hangum da rubella) a wata 12, a maimaita a wata 18, ta ƙarshe kuma lokacin shiga makaranta, tsakanin shekara 4 zuwa 6. Ana ɗaukar lokacin zuwa ta manhajar Sehhaty, a je da katin allurar yaron. Mai tambaya ya kira 937, lambar Ma'aikatar Lafiya.

A gari irin Makka wannan tsari ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayar cutar tana bin iska daga tari da atishawa, tana iya kai awa biyu a ɗaki bayan mai ita ya fita, ga baƙi daga ko'ina a lokacin Umara da Hajji.

Inda aikin ya gaza shi ne bayani. Manhajar da Larabci da Turanci take, kuma sai da lambar shaida, kamar ta iƙama ko katin ɗan ƙasa. Iyaye mata da yawa ba su san cewa bayan kwana 7 zuwa 12 da allurar yaro kan yi ɗan zazzaɓi ko ƙuraje kaɗan ba, sai su tsorata su ƙi komawa ta gaba. Wannan yana wucewa da kansa. Mura mara tsanani ma ba ta hana allura.

Idan baƙon dauro ya riga ya shigo, kada a jira ranar da manhaja ta bayar. Alamun kan fara bayan kwana 10 zuwa 14 da kamuwa: zazzaɓi mai zafi, tari, majina, jan ido, da fararen ɗigo a cikin kumatu. Daga baya ƙurajen su fito daga fuska da bayan kunne su gangara jiki. A faɗa wa ma'aikaciyar tun daga ƙofa don kada a zauna cikin jarirai, domin yaron yana yaɗa cutar kwana 4 kafin ƙurajen da kwana 4 bayansu.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar. Ruwa, nono, abinci da farasitamol daidai nauyin yaro, ban da asfirin. A tambayi likita sinadarin bitamin A, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba sau biyu, yau da gobe: IU (ma'aunin bitamin) 50,000 ga wanda bai kai wata 6 ba, 100,000 daga wata 6 zuwa 11, 200,000 daga shekara ɗaya. Yana kare ido, yana rage mace-mace.

Numfashi da sauri, jijjiga, ƙin shan nono, gudawa mai yawa ko ido ya yi hazo sun fi ƙarfin mustausaf. A wuce sashen gaggawa na asibiti nan take.