Ƙudajen da suka tasa ni gaba a Manchesta

Jama'ar gida ina gaisuwa. Masu ta kirana ba na ɗauka ku yi haƙuri, wallahi ba wulaƙanci ba ne, ido ne ya sa ni a gaba sati uku ke nan, waya ma sai na kanne ido ɗaya nake iya duba ta.

Abin ya fara da wata walƙiya a gefen idon dama, in na juya kai cikin duhu sai in ga wal, kamar hadari ya haɗo ta wajen Kufena. Bayan kwana biyu sai ga baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a idon kamar ƙudaje. Ni kuma ɗan Zariya na asali me na yi? Na ɗauko kwallin da Hajiya ta sako min cikin kaya na rambaɗa, na ce gajiyar aikin dare ce. Kwana tara ina wannan shirmen, sai da wani abokin aikina ɗan Sudan ya ja ni shagon masu gilashi. Nan masu gilashi ba irin namu na kan tebur a Sabon Gari ba ne da za ka yi ta gwadawa kana karanta jarida har ka dace, su sai sun leƙa cikin idon da na'ura. Matar tana leƙawa ta rubuta takarda, ta ce kar in tuƙa mota, in wuce sashen gaggawa na asibitin ido yanzu-yanzu.

Na isa ina ta laluben aljihu, ina jiran a ce kuɗin kati, a ce je ka biya ka kawo rasit. Shiru. Suna da ranar haihuwa kawai suka tambaya. Amma kar wani ya ce kyauta ce, fam 1,035 na biya kuɗin lafiya na kowace shekara tun wajen biza, na dai ga ranar kuɗina. Sai kuma zaman jira, awa shida a kan kujerar roba, an ɗiga min maganin buɗe ƙwayar ido komai ya koma dishi-dishi, kowa ya sunkuyar da kai ba mai ce maka sannu.

Likitar ta tambaye ni yaushe na fara ganin walƙiyar, na ce kwana tara, ta ce me na yi a kai. Da girmana da furfurata na ce kwalli. Kallon da ta yi min ta saman gilashi, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta yi min bayani cewa ruwan nan mai kauri da ya cika ido yana janyewa in shekaru sun ja, nawa da zai janye sai ya fizgi tantanin bayan ido ya yaga shi, har ruwa ya fara shiga ta ƙarƙashi yana ɗaga gefen. Masu sa gilashin hangen nesa irina, tun ina makarantar Alhudahuda nake sa shi, abin ya fi kama mu. A daren suka yi leza. Aka ɗiga maganin kashe zafi, aka manna wani ɗan gilashi a kan idon, sai koren haske fal fal fal wajen minti goma sha biyar, wani in ya sauka har cikin ƙeya nake jin sa.

To abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaga min hankali. Ina tashi daga kujerar idon ya ɗauke ɗif, na fara salati, can bayan 'yan mintuna gani ya dawo amma komai ruwan hoda, har farar rigar nas. Washegari na ɗauka zan farka garau, ashe ƙudajen suna nan har sun yi 'ya'ya, ga wani zare kamar yanar gizo-gizo, in na kalli dama ya bi ni, in na tsaya shi ma ya yi lilo ya tsaya. Farin bango da sararin sama su ne abokan gabana yanzu. Ranar nan ina shan shayi na kai wa ƙuda duka har na zubar da kofin, uwargida ta ce Malam wane ƙuda a wannan sanyin? Walƙiyar ma ba ta daina ba, musamman in na kashe fitila. Kwana uku a zaune na yi salla don tsoron sujada, ba wanda ya ce in yi haka, tsorona ne kawai.

Sau biyu ina komawa a guje. Ba su kore ni ba, kowane zuwa sai sun sake ɗiga magani sun duba. A na biyun ne wani likita ya zaunar da ni ya ce leza ba ta share ƙudaje, aikinta ta ƙona kewayen yagewar ya yi tabo ya manne kamar walda, kuma tabon yana ɗaukar kwana goma zuwa sati biyu kafin ya kama sosai, shi ya sa aka hana ni ɗaukar kaya masu nauyi. Ƙudajen a hankali suke kwanciya, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da su, wasu ma ba za su tafi ba. Abin da zai sa in taho ko tsakar dare ne: su ƙaru lokaci guda kamar an watsa toka, ko walƙiya ta tsananta, ko in ga inuwa kamar labule tana rufowa daga gefe. Na ce a raina da kun faɗa min haka tun ranar farko, maimakon takardar da kuka miƙa wa mutumin da ba ya gani.

Kuma jinya a ƙasar nan ba daɗi. Sati uku, mutum biyu ne suka leƙo ni. Da a Tudun Wada ne da zaure ya cika, wannan ta aiko kunu, wancan ya zo da lemo. Sai dai fa kowane mai dubiya da maganinsa a aljihu, wannan ya ce ruwan sukari, waccan ta ce nonon mai jego, wani ya ce sammu ne a nemo rubutu, wani ya ruga kemis ya sayo na ɗigawa da ba a san mene ne ba, shi kuwa tantanin yana can yana ɓarewa ba ciwo ba ja, don wannan cutar ba ta zafi. Ni da na yi kwana tara da kwalli ba ni da bakin faɗa, amma dai na faɗa.

Yaya, na ji an ce Kawu yana cewa yana ganin tsutsotsi a ido tun bayan salla. Don Allah kar a jira ya ce labule. A kai shi asibitin Shika ko asibitin ido na Kaduna a ɗiga masa magani a duba bayan idon, kuma wani ya raka shi don ba zai iya hawa mashin ya dawo da kansa ba. Kuɗin mota zan turo gobe in Allah ya kai mu.