Imel mai tsaro da ya kulle ni a waje kwana 6

Wata 14 kenan da na koma amfani da imel ɗin nan mai tsaro da ake biya duk shekara, kuma da a watan jiya aka tambaye ni wallahi ko tauraro ɗaya ba zan ba su ba, har na fara rubuta musu saƙon su maido min da ragowar kuɗina. Yanzu da zuciya ta ɗan yi sanyi bari in faɗi yadda abin ya faru. Sunan kamfanin kam ba zan kama ba, wani ɗan ƙaramin kamfani ne, kuma abin da ya same ni zai iya samun mutum a kusan duk masu irin wannan tsarin.

Dalilin da ya sa na tashi daga tsohon akawun ɗina kutse ne aka yi min. Wanda ya shiga bai canza fasiwod ba, bai goge komai ba, kawai ya je cikin saitin ya sa duk saƙon da ya shigo a riƙa tura masa kwafi, sai bayan kusan wata 2 na gani. Tun ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Na zauna na yi ta karatu dare da rana, na ga labarin Yahoo da aka yi wa kutse a 2013 amma sai a 2017 suka amsa cewa duk akawun biliyan 3 abin ya shafa, na ga labarin kamfanin imel na Lavabit da Edward Snowden, wanda ya tona asirin leƙen asirin Amurka, yake amfani da shi, wanda mai shi Ladar Levison ya gwammace ya rufe kamfanin a watan Agustan 2013 da ya bar gwamnatin Amurka ta riƙa leƙa saƙonnin mutane da makullin da ta tilasta masa ya bayar. Gmail ma sai a 2017 suka ce sun daina duba abin da ke cikin saƙo don tallace-tallace. Na duba Proton Mail na Suwizalan da wasu masana da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka fara a 2014, na duba Tuta na Jamus da ake ce wa Tutanota a da, na duba wasu ƙanana, a ƙarshe na ɗauki wanda na ɗauka saboda kalma ɗaya da suka yi ta nanatawa, wai ko su kansu ba sa iya karanta saƙona. Na kwaso saƙonnin shekara 11 na zuba a ciki, na goge tsohon akawun gaba ɗaya, na ce shi kenan an rabu.

Shekara guda lafiya lau. Saƙo na shiga yana fita, babu talla ko ɗaya, babu abin da zan ce.

Sai ranar da wayata ta faɗi sikirin ya tashi aiki. Na sayi sabuwa na sauke manhajar, ta ce in sa fasiwod. To ni tun ranar da na buɗe akawun ɗin ban sake rubuta shi ba, kullum a buɗe yake a waya, laftof ɗina kuma sati 2 kafin nan aka goge ta aka sake zuba mata komai sabo, duk abin da ta riƙe ya tafi. Fasiwod ne dogo da na haɗa da kalmomi da lambobi, na san farkonsa na san ƙarshensa amma tsakiyar ta ɓace min ɗungurungum. Na gwada ya fi sau 20 har suka ce in dakata. Kuma a daren nan ina da buƙatar wani saƙo ɗaya tak, wani da na yi wa aiki ya murje ido ya ce ba haka muka yi da shi a kan kuɗi ba, alhali da hannunsa ya rubuto min ya amince, kuma ya ce in kawo shaida kafin ƙarshen sati ko ya biya abin da ya ga dama.

Na danna wurin da aka rubuta na manta fasiwod. Aka turo min kod ta lambar waya, na sa, wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa da ƙananan haruffa yana maganar makullai da bayanai, irin rubutun da kowa yake wucewa, ni ma na wuce. Na sa sabon fasiwod, akwati ya buɗe, har na ce alhamdulillahi.

Ga saƙonni nan jere reras, ga sunan wanda ya aiko, ga kwanan wata, ga taken saƙo, komai yana nan. Na nemo na mutumin na danna. Maimakon rubutunsa sai na ga layi ɗaya yana cewa ba a iya buɗe wannan saƙon ba, a ƙarƙashinsa kuma wasu haruffa da lambobi a cakuɗe sun cika sikirin, manya da ƙanana, babu kalma ko ɗaya da ɗan Adam zai karanta. Na koma na buɗe wani, haka. Na gangara can ƙasa shekarun baya na buɗe na marigayi aminina, wanda muka yi shekaru muna rubuta wa juna lokacin yana karatu a waje, ina ganin taken da ya sa da hannunsa amma cikin duk tarkacen haruffa. Nan ne jikina ya yi sanyi, na ajiye wayar a kan gwiwata na yi shiru na fi minti 10. Maganar kuɗin ma sai ta fita daga raina.

A daren na rubuta wa masu kula da kwastomomi. Babu lambar waya, babu wanda za ka yi hira da shi kai tsaye, fom ne kawai ka cike ka jira. Kwana 3 cur kafin su amsa, ni da nake biyan kuɗi fa! Da amsar ta zo kuma a taƙaice take, cikin ladabi dai, wai sun yi nadama amma canza fasiwod yana maido da akawun ne kawai, tsofaffin saƙonni an kulle su da makullin da tsohon fasiwod ɗin yake buɗewa, su ba su da shi, sai dai in tuno tsohon ko in kawo kalmomin farfaɗowa da aka ba ni ranar rajista. Na mayar musu da zafi na ce ku ne kuka gina abin, a sabarku yake ajiye, ta yaya za ku ce min ba ku iya buɗewa, ga katin shaidata ga rasit ɗin biya. Bayan kwana 2 suka sake maimaita min magana ɗaya.

Ƙanena da ya fi ni sanin harkar kwamfuta na kira ina ta faɗa, ya bari sai da na gama sannan ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri amma ai abin da ka saya kenan. Da a ce katin shaida da rasit za su sa su buɗe maka, to wanda ya yi maka kutse bara ma zai iya haɗa na bogi su buɗe masa, ma’aikacinsu ma zai iya buɗewa ya karanta.” Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, na kashe wayar ma ba sallama, amma da na kwanta sai na ga gaskiyarsa. Kamfanoni nawa ne suke rubuta tsaro tsaro a tallarsu kuma ba ka da hanyar gane ko da gaske suke? Ni dai na gani da idona, na yi roƙo na yi barazana na turo shaida, ba su buɗe ba saboda makullin ba ya hannunsu.

Ranar kwana na 6 ƙanwata tana gyara min jakar takardu ta ɗago wata ’yar takarda a ninke huɗu a cikin bangon tsohuwar dayari, ta ce, “Yaya wannan ta yarwa ce? Wasu kalmomin Turanci ne a jere ba su da kai ba su da gindi.” Rubutuna ne da jan biro, har da kwanan watan da na yi rajista a sama. Hannuna yana rawa na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, wata kalmar ma sai da na gwada sau 2 don ban gane harafin da na rubuta ba, abin ya ɗan juya na wasu daƙiƙu, na koma kan saƙon aminina na danna, sai ga sallamarsa ta fito yadda ya saba farawa. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. A wannan lokacin da za a ce in ba su tauraro 5 da na ba su har da ƙari.

To amma da na natsu sai wani abu ya dawo min. A kwana 6 ɗin nan da ciki yake kulle, ai ina ganin sunan duk wanda ya aiko min, da lokaci, da taken saƙo. Kenan waɗannan ba su cikin abin da makullina yake tsarewa, kamfanin yana iya ganinsu. Na koma na bincika na ga haka tsarin kulle saƙo da ake ce wa PGP yake, wanda Phil Zimmermann ya fitar tun 1991 kuma da yawansu a kansa suka gina nasu, cikin saƙo da fayil ɗin da aka maƙala yake rufewa, take da adireshi suna waje. Tuta su sun bi wata hanya har take suna rufewa, amma adireshi kam dole a gani tunda sai da shi saƙo zai isa. Kuma a tallar da na gani ban ga inda aka faɗi wannan da manyan haruffa ba. Ni da nake rubuta kusan rabin maganata a wurin take, wani lokacin har adadin kuɗi da sunan mutum, shekara guda ina yi ina ganin a rufe yake.

Kuma kada wani ya ɗauka doka ba ta kai wa gare su. A 2021 Proton sun miƙa lambar IP, wato lambar da ke nuna layin intanet ɗin da mutum ya shiga da shi, ta wani ɗan fafutukar yanayi na Faransa bayan hukumomin Suwizalan sun ba su umarni, saƙonninsa ba su iya bayarwa ba amma lambar sun bayar. A 2020 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta umarci Tutanota su sa ido a kan wani akwati, saƙonnin da suka shigo ba a rufe ba su ne abin ya shafa. Ni ba mai laifi ba ne, wannan bai hana ni barci ba, amma mutum ya san abin da yake saya.

Abin da ya fi ci min rai ma shi ne yawancin mutanen da nake hulɗa da su Gmail suke amfani da shi ko imel ɗin wurin aiki. Duk saƙon da na aika musu yana zaune a akwatinsu yadda kowane saƙo yake zama, tsarona ya ƙare a bakin ƙofata. Akwai hanyar da za ka sa wa saƙo kalmar sirri, mutum ya samu link ya danna ya sa kalmar da ka faɗa masa ta wata hanya daban, na gwada da mutum 4, biyu sun ɗauka ’yan damfara ne suka goge, ɗaya ya kira ni yana mita wai me ya yi zafi, ɗaya ne kaɗai ya buɗe. Na daina. Ga kuma neman saƙo, ka rubuta kalmar da ka tabbata tana cikin wani saƙo ya ce maka babu, saboda sabarsu ba ta iya karanta ciki balle ta nemo maka, sai ka kunna wani abu ya sauke komai a na’urarka ya jera, a laftof ɗina ya ɗauki kusan yini, a waya kuma ya cinye min wuri. Sau 2 kuma wani shafi ya ƙi karɓar adireshina wajen rajista, sau ɗaya saƙon da na aika na neman aiki ya faɗa cikin sifam ɗin mutane sai da na kira suka tono shi.

Mutumin da na yi wa aiki kuma ya riga ya biya abin da ya ga dama tun kafin takardar ta fito. Na tura masa saƙon nasa daga baya, ya karanta bai amsa ba har yau. Kwana 5 daga cikin 6 ɗin nan jiran amsarsu nake yi, da a daren farko wani ya ce min je ka nemo kalmomin da ka rubuta ranar rajista, da a daren zan zazzage jakar nan. Wannan kam laifinsu ne, kuma laifinsu ne da suka sa gargaɗi mai nauyi haka a ƙananan haruffa da yaren da sai ɗan kwamfuta zai gane. Me zai hana su rubuta da ja ƙato, in ka ci gaba duk tsofaffin saƙonninka za su kulle, su sa mutum ya rubuta na yarda da hannunsa kafin ya wuce?

Yanzu dai na raba ƙafa. Banki da takardun gida da saƙonnin aminina suna can a imel ɗin mai tsaro, harkar aiki ta yau da kullum na mayar wani wuri. Fasiwod yana cikin manhajar adana kalmomin sirri, takardar nan na kwafe ta gida 2 na raba musu wuri, kuma duk wata ina sauke kwafin saƙonnin in ajiye a wani faifai daban, musamman da na tuna wani kamfanin imel mai tsaro, Skiff, wanda kamfanin Notion ya saya a 2024 aka rufe imel ɗinsu mutane suka shiga kwashe kaya. Na riga na biya na wannan shekarar tun kafin abin ya faru, saura wata 10, sabuntawa kuma ban yanke ba tukuna. Na rubuta musu doguwar wasiƙa a kan maganar gargaɗin nan har da hoton sikirin na zagaye wurin da ja, yau kwana 9 ban ji komai ba.