Soket ɗin USB da na sa a Hiace ɗina, bayan wata bakwai

Salamu alaikum jama'a. Abokai da yawa sun tambaye ni kan ramukan cajin nan da suka gani a motata, to bari in faɗi yadda na same su tunda yau wata bakwai kenan ina aiki da su.

Sana'ata yadi da atamfa ne, daga Garwa nake bin kasuwanni, Pitowa ran Lahadi, sai Gidar, Figil har Marwa. Motar tsohuwar Toyota Hiace ce, na cire kujerun baya na ɗora katifa kan akwatin kaya, a ciki muke kwana ni da yarona. Rabin cinikina yanzu ta Orange Money da MoMo yake shigowa, in waya ta mutu ciniki ya tsaya cak.

Da can 'yar cajar da ake cusawa a ramin laita nake amfani da ita, amma mota na faɗawa rami sai ta zame, ka yi tafiyar awa uku kana zaton waya na shan caji ashe ko ɗigo. Na koma inbata, ita kuma ga zafi ga ƙarar fanka duk dare, kuma in ka duba aikin ɓarna ne, ta ɗauki bolt 12 na batir ta kai 220, sannan cajar waya ta sake sauko da shi 5. Soket ɗin nan kai tsaye yake sauke 12 zuwa abin da waya ke so.

Guda uku na saya, zagayayyu ne, ana huda musu rami wajen milimita 29 a ɗaure da noti ta baya. Kowanne na da baki biyu, na USB da aka saba mai QC 3.0, wato tsarin caji da sauri, da na Type-C, ga murfin roba ga 'yan lambobi shuɗaye masu nuna ƙarfin batir. Nawa suna karɓar bolt 12 har 24, saboda haka direbobin manyan motoci masu aiki da bolt 24, masu ɗauko kaya daga Ngaundere zuwa Injamena ma za su iya sawa, amma a karanta jikin kwali tukuna.

Mai wayarin motar da ya ɗaura min ya ja jar waya daga batir, baƙar kuma ya ɗaure ta a ƙarfen mota. Na ga ya sa fiyus na amfiya 10 dab da kan batir, na ce masa ƙanena me zai hana ka sa shi kusa da soket in ya ƙone in canza da sauƙi? Ya ce "Alhaji, wayar wutar yake tsarewa. In ta goge a jikin ƙarfe ta haɗa wuta tun daga can, kai da atamfofinka ne a ciki." Wallahi jikina ya yi sanyi, don na taɓa ganin mota na ci da wuta a bakin hanya. Don Allah duk wanda zai sa kar ya yarda a ja masa waya ba fiyus, ko a naɗa masa zaren waya a madadinsa.

Inda muka yi kuskure shi ne makunni. Ba mu sa ba, to lambobin nan shuɗaye dare da rana a kunne suke, suna tsotsar batir kaɗan kaɗan. Na ajiye mota sati uku mahaifiyata ba lafiya, ranar da na dawo da asuba zan kama hanyar Pitowa na murɗa makulli sai ƙas ƙas, dama batirin ya tsufa, sai da matasan unguwa suka tura mu, na isa rana ta take an kama min wuri. Abin ya min ciwo sosai. Washegari aka sa makunni ɗaya na duka ukun, daga baya na ƙara batir na biyu da rilai mai raba su in inji ya tsaya, yanzu ko mun kwana muna caji batirin tayar da mota ba ruwansa.

Lambobin kuwa sun zame min likitan mota. In inji a kashe na ga 12.6 batir cike yake, in yana aiki 13.8 zuwa 14.4, in ya sauka ƙasa da 12 sai in kashe komai.

Ɗaya cikin ukun mai araha ne kuma ya nuna halinsa, ana jona waya rediyo zai fara shuu, ga shi a zafin Marwa na watan Afrilu da ake haura digiri 40 yana yin zafi har waya ta daina caji. Na cire shi. Sauran biyun lafiya lau, murfin roban ma ya tare ƙurar hunturu in dai an tuna an rufe. Wayata daga kusan mutuwa takan haura rabi kafin mu gama shan shayin safe, yaron ya jona tocila da 'yar fanka, maƙwabtana na kasuwa ma yanzu layi suke yi a ƙofar motar da wayoyinsu.