Johannesburg zuwa Saint Helena: awa shida a zuwa, biyar a dawowa

Duk mai niyyar zuwa tsibirin Saint Helena da ke ƙarƙashin mulkin Ingila, kada ya auna tafiyar da taswira kaɗai. Daga Johannesburg zuwa can kusan kilomita 3,700 ne, nisan da jirgi zai iya ci cikin awa biyar, amma mu sai da muka kwashe wajen awa shida. Zango ake yadawa a Walvis Bay ta Namibiya a sha mai, fasinja na zaune a kujerarsa har a gama.

Wannan zangon ba ɓata lokaci ba ne. Tsibirin yana tsakiyar Tekun Atlantika, filin jirgi mafi kusa da shi kuwa yana tsibirin Ascension, tazarar wajen kilomita 1,300. Idan matuƙi ya iso ya tarar iska ko hazo sun hana sauka, dole ya kasance da man da zai kai shi wani wurin. Shi ya sa ake cika tanki a bakin gaɓa kafin a faɗa teku, kuma saboda nauyi ba kullum ake sayar da duk kujerun ba. A dawowa babu wannan fargabar, filayen sauka suna nan birjik, sai muka miƙe kai tsaye, awa biyar ba ta cika ba. A lura da agogo ma: tsibirin yana bayan Johannesburg da awa biyu, don haka lokutan da ke jikin tikiti suna iya rikita mutum.

Jirgin ƙarami ne, Embraer E190, kujeru bibbiyu dama da hagu, ba a matse kowa a tsakiya ba. Ma'aikatan suna da fara'a, abinci ba yabo ba fallasa.

Saukar ce abin labari. An shimfiɗa titin a kan dutse, ƙarshensa gangare ne zuwa teku, iska kuma tana wujijjiga jirgin har salati ya kuɓuce mini da ƙarfi. Iskar nan ce ta sa bayan an kammala filin a 2016 jiragen fasinja ba su fara zuwa a kai a kai ba sai Oktoban 2017, jaridun Ingila suka yi ta yi masa ba'a. Ni dai ban ga abin ba'a ba. Kafin filin, kwana biyar ake yi a jirgin ruwa daga Cape Town. Ba banza Turawan Ingila suka zaɓi wurin suka tsare Napoleon, tsohon sarkin Faransa, a 1815 ba.

Tikitin da tsada, kuma galibi ranar Asabar kaɗai ake tashi. Ina ba da shawarar tafiyar, da sharaɗi guda: kada ka haɗa tikitin komawa gida daf da na dawowa daga tsibirin. Bar tazarar kwana biyu ko uku a Johannesburg, domin in yanayi ya ɓaci ɗage jirgin ake yi, kuma babu wani da za ka hau.