Wane shafi za a duba kafin a faɗi albashi?

Duk wanda ya taɓa zama gaban masu ɗaukar aiki ya san lokacin da ake ajiye biro a tambaye shi nawa yake so a biya shi, kuma wanda bai yi bincike ba yakan yi ƙasa ya cuci kansa, ko ya yi sama a sallame shi da murmushi. Shafukan intanet masu nuna albashi suna da yawa, abin da ya raba su kuwa shi ne inda kowanne yake samo alƙalumansa, don haka da wannan ma'auni ya kamata a zaɓa.

Glassdoor ne ya fi shahara. Kamfanin Amurka ne wanda kamfanin Recruit na Japan, mai shafin neman aiki na Indeed, ya saya a 2018 a kan dala biliyan 1.2. Ma'aikata ne da kansu suke rubuta abin da suke karɓa, kuma tsarinsa ba ni gishiri in ba ka manda ne, domin sai mutum ya buɗe asusu ya ba da nasa bayanin kafin a buɗe masa na wasu. Amfaninsa shi ne ana iya neman kamfani da sunansa, amma ga mai neman aiki a Kano ko Kaduna rauninsa a fili yake: sau da yawa mutum uku ko huɗu ne kawai suka cike bayanin albashin wani muƙami, wasunsu ma shekaru da suka wuce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da kafin a saki farashin naira a watan Yunin 2023 ana canza dala a hukumance a wajen naira 460, a 2024 kuma ta haura 1,500. Albashin da aka rubuta a 2021 tarihi ne kawai. MySalaryScale, wanda aka gina don Nijeriya, ya fi kusa da kasuwarmu, sai dai shi ma da bakin ma'aikata ya dogara, saboda haka a duba adadin waɗanda suka cike kafin a yarda.

Payscale yana yi wa mutum tambayoyi kan karatu, shekarun aiki da gari sannan ya fitar da rahoto, kuma ya fi ƙarfi a Amurka. Levels.fyi na masu rubuta manhaja ne a manyan kamfanonin fasaha, kuma jimillar da yake nunawa ta haɗa da hannun jari da ladan ƙarshen shekara, abin da ya sa matashin da ke zana shafukan intanet daga ɗakinsa bai kamata ya ɗauki lambar ya kai wa ƙaramin kamfani a Abuja ba. A nan ne kuma ya dace a yi tsokaci kan wata dabara: wasu shafuka, bayan an cike tambayoyinsu, sukan nuna da'ira tana juyawa da rubutun cewa ana lissafi, alhali jinkirin ado ne da aka saka don amsar ta yi kwarjini. Tsawon juyawar ba ya ƙara wa lambar inganci, lokaci kawai yake ci.

A ganina, abin da ya fi ƙarfi shi ne alƙaluman da mai biya ya fitar da hannunsa. Ga aikin gwamnatin tarayya, hukumar albashi ta ƙasa, NSIWC, tana da jadawali irin su CONPSS na ma'aikatan gwamnati da CONUASS na malaman jami'a, mataki-mataki, kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Ga mai neman aikin waje daga gida, a Amurka jihar Kolorado tun 2021, birnin New York tun Nuwamban 2022 da Kalifoniya tun Janairun 2023 sun wajabta rubuta iyakar albashi a sanarwar aiki, don haka tattara sanarwa goma na muƙami ɗaya a LinkedIn ko Indeed ya fi kowane ƙiyasi, ko da yake kamfanoni da dama suna rage kuɗin gwargwadon ƙasar da ma'aikaci yake zaune. A Jobberman, shafin neman aiki na Nijeriya, ma wasu sanarwar sukan zo da adadi.

Kowane shafi aka zaɓa, a tantance ko lambar ta shekara ce ko ta wata, kuma ko kafin cire-cire ce ko bayansa. Dokar fansho ta Nijeriya ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, ga harajin albashi a kai, saboda haka wanda aka yi wa tayin naira 300,000 ya nemi a rubuta masa abin da zai shiga asusunsa na banki a ƙarshen wata kafin ya sa hannu.